Rasuwar Kitab Sahab, Wanda Ruwa Ya Bari Wuta Ta Ci

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da ƙirji mai tabon ƙuna, ni Subhan Kolu, ɗan marigayi Lassa Kolu, mai jirgin kwana da ke ɗaure a gindin bishiya ta uku bayan gadar katako, a hanyar ruwan da ta ratsa tsakiyar Srinagar, nake sanar da 'yan uwa, da maƙwabta na ruwa da na tudu, da duk wanda ya taɓa shan shayi a jirginmu, rasuwar dattijonmu kuma abokin zamanmu, Kitab Sahab, wanda ya cika ranar Talata bayan azahar, a cikin rigata. Ya rasu yana da shekara sittin da ɗaya da shafi ɗari biyu da sha huɗu, ban da guda shida da wata akuya ta ci a shekarar ambaliya, bayan mun ceci ranta.

Ga wanda bai san marigayin ba, ko da yake ban san yadda mutum zai zauna a garin nan bai san shi ba, littafi ne. Wata Baturiya ce ta rubuta shi, Memsab Pembry, wadda ta yi hayar jirgin babana wata uku tana yawo a hanyoyin ruwanmu, tana zana gadoji, tana tambayar sunan kowane tsuntsu. Babana bai san sunan tsuntsaye ba, amma bai taɓa barin baƙo da tambaya a baki ba. Shi ya sa akwai tsuntsaye bakwai a littafin nan da suka rayu shekara sittin da sunayen surukansa. Bayan tafiyarta da shekara biyu sai ga mai kawo wasiƙa a kwale-kwale, da ƙunshi daga ƙasar Turawa. Babana ya wanke hannu kafin ya kwance shi, ya ɗora shi a kai, ya ce daga yau kada wanda ya kira shi littafi kawai, Kitab Sahab ne, wato Maigirma Littafi. Ina da shekara shida a lokacin, kuma na sha mari biyu kafin na saba.

Marigayin mutum ne mai kunya da kawaici. Shekara sittin da ɗaya muna ɗaki ɗaya, bai taɓa faɗa min abin da ke cikinsa ba, ni ma ban matsa masa ba, domin ni ba na karanta Turanci. Kalma biyu na sani a jikinsa, a shafi na tamanin da takwas, layi na huɗu daga ƙasa: sunan babana. Na san su kamar yadda ake sanin fuska. Babana ya ce abin da aka rubuta a wurin shi ne, Lassa Kolu ya fi duk masu jirgin ƙasar nan gaskiya da iya tuƙi. Duk baƙon da ya tako jirginmu sai na buɗe masa shafin nan. Yakan karanta, ya dube ni, ya sake karantawa, ya fashe da dariya, sannan ya ce a shigo masa da kayansa. Ban taɓa ganin shafin da ke sa mutane farin ciki irin wannan ba.

Ɗana Irshad, da ya yi makaranta, ya taɓa cewa wai abin da ke wurin shi ne kakansa ya jefa akwatin hulunan Memsab a ruwa, ya ce iska ce, alhali ko ganye ba ya motsi a ranar. Ina roƙon jama'a su yi masa uzuri. Turancin yaran yanzu ne, kuma ba a musu da mamaci.

Ba za a ƙirga alherin Kitab Sahab ba. Shi ne ya tallafi gajeriyar ƙafar teburin baƙi shekara tara bai yi ƙorafi ba. A lokacin zafi ya kashe sauron da ya fi mutanen unguwar nan yawa, kuma yakan yi aikin da murya ɗaya, fap, ba ya maimaitawa. Da sanyi muryarsa takan canza, in ka buɗe shi sai ya ce ƙaras, ƙaras, kamar tsoho mai miƙe gwiwa. In ka rufe shi yakan yi ɗan huci, fuu, ya busa maka warin hayaƙi da danshi da man kifi, wato warin gidanmu.

Abin da ya fi sa ni son sa kuwa taswirar da ke tsakiyarsa ce. Hanyoyin ruwan da aka cike da ƙasa aka shimfiɗa musu kwalta, a cikinsa suna nan da ruwansu, da gadojinsu, da matakalan da mata ke wanki. A garin nan kowa ya yarda cewa titi titi ne, sai ni da shi. In na shiga bas zuwa tsohon gari nakan ce wa na kusa da ni, yanzu muna wucewa ta kan shafi na arba'in, nan uwata ta jefa min igiya ranar da na fara tuƙi ni kaɗai. Yawanci sukan canza kujera.

Dole in ambaci wata magana a cikin wannan sanarwa, domin dai duk wanda ke da kunne a hanyar ruwan nan ya riga ya ji ta. A jirgin nan aka haife ni. Ɗakuna uku na gaba na baƙi ne, na baya namu ne ni da mai ɗakina Mukhta, wadda ita ma a ruwa aka haife ta, gada biyu daga nan. A gefen dama na ɗakin, daidai inda take shimfiɗa, akwai wata tsaga a katako, ƙasa kaɗan da bakin ruwa. Shekara shida ke nan ina shirin toshe ta. Kullum da safe Mukhta takan ɗaga katakon daɓe ta kwashe ruwa da gwangwani, kuma kowane gwangwani yana da tasa baƙar maganar da ake raka shi da ita.

Irshad ya gina gida a tudu, na bulo, hawa biyu. Da ƙaramar salla muka je muka kwana biyu. Da muka dawo Mukhta ta yi kwana uku ba ta ce min uffan ba, har gwangwanin ma shiru take kwashe shi. Na ce a raina shi ke nan, gidan bulo ya tafi da zuciyarta.

Da kaka, ganye na zuba, sai ga Irshad da makulli a hannu, muna cikin cin shinkafa.

"Baba, ɗakinku na nan a ƙasa, ba hawa. Akwai famfo a ciki. Moji ta huta da gwangwani haka nan, dubi hannunta."

Moji, wato uwa, haka yake kiran Mukhta. Ban dubi hannunta ba. Na jawo Kitab Sahab daga ƙarƙashin tebur, teburin ya karkata, miya ta zube, na ɗaga shi sama.

"Ka ga wannan? Ranar da ya bar jirgin nan, ranar zan bar shi. Kafin nan kada ka ƙara kawo min makulli."

"Na ji, kuma na shaida," in ji wata murya daga taga.

Kadir Tunda ne, maƙwabcina. Tsakanin jirginsa da nawa bai fi taku biyu ba, kuma shekara arba'in ke nan ban yi atishawa ba tare da ya sani ba. Na yi maganar ne da kwanciyar hankali, domin littafin da ya ga bayan babana, ya ga bayan akuya, ya ga bayan ambaliya biyu, na tabbata zai ga bayana.

Ciwon ajalin marigayin ya fara ne ranar Lahadi da hantsi, muna tsakiyar kwana arba'in ɗin nan na tsananin sanyi, lokacin da baƙi ke wuyar samu. Sai ga kwale-kwale ɗauke da wasu mata da miji da suka zo kallon ƙanƙara, suna dube-duben wurin sauka. Kadir ya leƙo yana kwarara musu kira, wai jirginsa akwai na'urar ɗumama ɗaki. Ni ba ni da na'ura, ina da tarihi. Na buɗe taga, na miƙa rabin jikina waje, na ɗaga shafi na tamanin da takwas ina kaɗa shi. Dakalin tagar ya yi ƙanƙara. Gwiwar hannuna ta zame.

Tsulum. Abin da ya ce ke nan.

"Iska ce," na ce wa Mukhta.

"Na sani. Irin ta gidanku."

Ita ce ta tsamo shi, da kwandon wanke ganye ɗaure a bakin gora. Ya fito ya kumbura ya ninka kansa biyu, ciyawar ruwa na rataye a shafi na sittin. Baƙin kuwa suka sauka a wurin Kadir.

Mukhta ta ce in shanya shi a rufin jirgi. Rabonmu da rana kwana sha ɗaya. Ta ce to in ajiye shi kusa da murhu. Na ce mata ba ta da hankali, takarda da wuta ba sa zama wuri ɗaya, kuma ina so jama'a su shaida cewa ni na faɗi haka da bakina. Sai na yi abin da kowane ɗan garin nan yake yi da abin da sanyi ya kama. Jariri in ya yi sanyi ina ake sa shi? Ɗan tsako fa, in ya jiƙe? A cikin feran, babbar rigarmu ta ulu, kusa da kangiri, kaskon garwashin da kowa ke rungume da shi a ciki tun daga kaka har bazara. A wurinmu kangiri ba wuta ba ne, ɗan gida ne. Na cusa Kitab Sahab a ƙirjina, na zaunar da kaskon a ƙarƙashinsa, na ja hannuwana ciki.

Kwana biyu ina jinyarsa. Ban je kasuwa ba, ban je wurin mai burodi ba. Ina buɗe shi shafi-shafi a cikin riga da lalube, ina hura masa iska ta wuyan feran. Ranar Litinin da yamma kumburin ya fara saɓewa. Ranar Talata da safe na buɗe shi, ya ce ƙaras. Na yi kuka don murna, na aika aka sayo burodi mai riɗi aka raba wa jirage huɗu, har da na Kadir. Marigayin ya warke sarai, ya bushe ƙayau yadda bai taɓa bushewa ba tun da ya zo ƙasar nan. Warkewar ce ta kashe shi.

Bayan azahar na ci shinkafa da ganye, na ƙara, na fito gaban jirgi na jingina da shi a ƙirjina don ya ƙarasa murmurewa. Mukhta ta zuba min sabon garwashi. Barci ya ɗan sace ni.

"Subhan Sab," in ji Kadir daga tagarsa, a natse. "Hayaƙi na fita ta wuyanka."

"Kullum yana fita," na ce, ban buɗe ido ba.

"Wannan baƙi ne. Kuma warin Turanci yake yi."

Abin da ya biyo baya jirage shida sun gani, kuma kowannensu ya ƙara masa gishiri, don haka ga gaskiyar magana. Ban yi rawa ba. Tsalle na yi, sau da yawa, a wuri ɗaya. Hannuwana na cikin riga, kaina ya maƙale a wuyanta, ina jin marigayin yana buɗe shafukansa da kansa, far, far, far, karatun da bai taɓa yi min ba sai ranar. Mukhta ta fito da samawar, tukunyar shayinmu ta tagulla, ta tuttule min ita ta wuya gaba ɗaya. Allah ya sa ya huce. Kalmar ƙarshe da Kitab Sahab ya furta a duniya ita ce cuuu, sannan ya gangaro daga ƙasan rigata a toka, jiƙe da shayin gishiri.

Ya rasu ya bar teburin baƙi, wanda tun ranar yake tsaye a karkace. Ya bar busasshen ganyen da ya zauna a shafi na tamanin da takwas tun zamanin babana, wanda ya faɗo a ɗaki kafin hatsarin. Ya bar tsuntsaye bakwai da yanzu ba su da suna, da zuriyar ƙananan ƙwari da suka ci suka sha a gindinsa kaka da kakanni, da sauro masu yawa da ba mu gayyata ba. Kangirin da ya yi wannan aiki yana nan, bai nuna nadama ba, kuma yana cikin rigata yanzu haka, saboda sanyi.

Ranar Laraba da safe Irshad ya zo. Yaron kirki ne, sai da ya zauna ya yi min gaisuwa yadda ya kamata, ya duba ƙirjina, ya sha shayi. Sannan ya ajiye makulli a kan tabarma. Ta taga ina hango motar kaya da ya yi haya, tana tsaye a bakin gaɓa da bayanta a buɗe.

Na riga na aika wa liman tambaya a kan alwashin nan nawa tun da asuba. Ya ce magana ce mai sauƙi, in ma rantsuwa ce in ciyar da miskinai goma, shi ke nan. Liman bai san Kadir ba. Kadir yana zaune a tagarsa tun da gari ya waye, ya sa sabuwar hula. In na saɓa maganata, ba zan ƙara fitowa gaban jirgina in sha iska ba har in mutu.

A nan zan ajiye wasa. Tsoro na ji, irin wanda ban ji ba ko lokacin da rigata ke ci. Ban taɓa kwana uku a jere a tudu ba. Ban san yadda ake gane safiya ba in ba a ji masu ganye suna tuƙo kwale-kwale ba. Na dubi katakon da uwata ta haife ni a kai, na dubi makullin. Na miƙa hannu zan ɗauka.

Sai Mukhta ta shigo da gwangwanin ganyen shayi a rungume. Ashe ta share tokar tas, har wadda ta shiga tsakanin katako ta tsince ta da tsinke.

"Moji, kawo in zubar miki a ruwa," in ji Irshad.

"Ka zubar da wa?" Ta zauna, ta ɗora gwangwanin a cinya. "Babanka cewa ya yi ranar da ya bar jirgi. Ga shi a hannuna, ga ni a jirgi. Kadir Kak, kai ne mashaidi. Ya fita?"

Kadir ya leƙo ta taga ya ƙare wa gwangwanin kallo. Can ya ce, "Bai fita ba. Ya dai rame."

"Moji, don ke nake yi fa. Shekara shida kina kuka da jirgin nan."

"Da tsaga nake kuka, da kuma mai tsagar. Wa ya ce maka da jirgi nake?" Ta juyo gare shi sosai. "Gidanka ya yi kyau, ɗana, Allah ya sa albarka. Amma kwana biyun nan ban runtsa ba. Ƙasa ba ta motsi. Na kwanta ina jira ta ɗan jijjiga ni, shiru, sai ka ce an riga an binne ni. Na dawo na kasa faɗa, don kada in ɓata maka rai."

Shekara arba'in da uku muna tare, ban san haka ba. Na buɗe baki in ce wani abu mai daɗi, ta ɗaga min hannu.

"Kai kuma, baban Irshad, saurara. Tokar nan in ta zauna a gwangwani, wata rana iskar gidanku za ta jefa ta a ruwa. Za a dama ta da kwalta a toshe min tsagar nan da ita. Daga nan sai in ga mai fitar da shi."

Irshad ya miƙe. Ya tuɓe takalmi, ya shiga ɗakin baya, ya ɗaga katakon daɓe, ya daɗe yana kallo. Da ya fito idonsa ya yi ja. Ya ɗauki makullinsa ya sa a aljihu, ya ce gwangwani ɗaya na kwalta ba zai isa ba, ya fita ya aiki motar kayan ta sayo huɗu.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Liman ya tabbatar mana cewa ba a yi wa littafin Baturiya salla, mun kuma karɓa. Za a yi zaman rana ta huɗu ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, a cikin jirgin. Tunda makwancin marigayin yana gefen dama, ƙasa da bakin ruwa, ana roƙon duk masu ta'aziyya su zauna a gefen hagu, a matse, har jirgin ya karkata tsagar ta fito fili. Muna buƙatar aƙalla mutum talatin. Masu jiki su ne manyan baƙinmu, ramammu su zo da 'yan uwansu ko da buhun shinkafa. An keɓe wa Kadir Tunda wurin girmamawa a can ƙarshen hagu, bisa cancanta.

Ba mai tashi sai kwalta ta bushe, ko da kuka ya ci ƙarfinsa. Za a riƙa miƙa shayin gishiri da burodi hannu da hannu. Kowa ya zo da kangirinsa, amma za a caje aljihu a bakin gada, ba a shigowa da takarda.

Irshad ne zai dama kwalta, ni zan cusa ciyawa da tsumma, Mukhta za ta tsaya a kanmu. A cikin tokar ta tsinci wani guntun shafi da bai kai tafin hannun jariri ba, gefensa duk ya ƙone, da kalma biyu a jiki waɗanda ban nemi kowa ya karanta min ba. Ta ce shi za a fara liƙawa a kan tsagar, rubutun yana fuskantar waje, don Lassa Kolu ya ci gaba da sa wa ruwa ido a madadin iyalinsa.

Wanda bai samu zuwa ranar Juma'a ba, ƙofar gaisuwa a buɗe take, bana da baɗi da bayan nan. Ba sai ya tambayi kowa kwatance ba. Bishiya ta uku bayan gadar katako, muna nan inda muke.